Kwamfutar duba mota: shekara biyu da ita a garejina

Kunya ce ta sa na sayi wannan na'ura, ba sha'awa ba. Akwai wani Alhaji da na shekara 17 ina gyara masa mota, tun yana hawan Fijo 505 har ya koma Camry. Wata rana Camry ɗin ta fara misin tana fizge-fizge, amma sai ta yi zafi a kan hanya take yi. Da an kawo ta gareji sai ta yi lamo, kamar yaron da ya hango malam da bulala. Kwana huɗu ta yi a wurina. Na canja filogi, na wanke nozul, na sa shi ya sayi sabon famfon mai, na ce masa yanzu kam an gama. Ko unguwar Kawo bai kai ba ta koma halinta. Bayan mako biyu ina zaune a benci ƙofar gareji sai ga motar ta wuce sumul. Alhaji ya ɗago min hannu ta gilashi, bai tsaya ba. Direbansa ne ya ba ni labari daga baya. Wurin wani yaro suka kai ta, wanda bai girmi ɗana na fari ba. Ya jona mata wani abu a ƙarƙashin sitiyari, ya dubi allo, ya ce koyil ɗin silinda ta uku ce ke yankewa in ta ji zafi. Shayin da aka kawo wa direban ma bai huce ba aka gama.

Ni a nan Kaduna na fara koyon aiki a 1988, lokacin da Fijo ke sarauta. A lokacin, kamfanin da ke harhaɗa ta yana Kakuri tun 1975, saboda haka 504 ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta kai amarya. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, da sukundireba yake jin ciwon inji. Zai ɗora bakinta a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido, can ya ce, "Kai yaro, zo ka ji." A haka na koyi raba ƙarar tafet da ƙarar metal. Kafireta kuwa ko da fitilar ƙwai zan kwance ta in mayar. Da kunne da hanci da tafin hannu na ci abinci fiye da shekara 30, na yi aure, na gina ɗan gidana. To sai motocin suka canja hali, suka zo da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da sensa kala-kala, mu kuma tsofaffin hannu muka yi kunnen uwar shegu. In fitilar cek inji ta kama sai mu ce wa mai mota, "Rabu da ita Alhaji, haka suke." In ya matsa, a manna mata baƙin salatif. Ni ma na manna, ba sau ɗaya ba.

Da farko ƙaramar na saya, wadda ba ta fi kwalin ashana ba, ana haɗa ta da waya ta Bluetooth. Araha ba ta ado. Tana karanta lambar matsalar inji, tana gogewa, daga nan ta tsaya. Ba ruwanta da giya, ba ruwanta da burkin ABS, ba ruwanta da jakar iska, kuma a mota uku sai ta ƙi gaisawa da ɗaya. Ga mai mota da ke son ya san abin da ke damun motarsa kafin ya je gareji, kada a yi masa rufa-ido, ba ta da laifi. Ga wanda da ita zai ciyar da iyali, ba ta isa ba.

Da na kwashi adashi sai na ƙara da ɗan abin da na tara na sayi babbar. Kuɗinta ya kai na babur ɗan hannu mai kyau, kuma uwargida ba ta ɓoye min ra'ayinta a kan haka ba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba kada a ce talla nake yi, kuma galibin waɗanda ke wannan farashi daga China suke, kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Allo ne mai faɗin allon ɗan makarantar allo ƙarami, an naɗe gefensa da roba mai kauri, sai igiya mai kai mai ƙafa 16. A jikin mota akwai ramin da wannan kai ke shiga, galibi ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwar direba. Sunansa OBD2. Amurka ce ta tilasta a sa shi a duk motar da za a sayar a ƙasarta daga 1996, Turai ta biyo baya, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Shi ya sa kusan duk 'yar Kwatano da ke yawo a titunanmu tana da shi. Shekara da shekaru ina cusa hannu ta wajen ina neman fis, ban taɓa tambayar ramin mene ne ba.

Makon farko na sha wuya, don Turancina na gaisuwa ne da karanta sunan kaya. Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a hannuna, wanda ya gama sakandare, shi ya zama malamina. Yaron da nake aika sayo ƙosai, shi ne zai zaunar da ni bayan la'asar ya ce, "A'a Kawu, ba nan za ka taɓa ba, koma baya." Na haɗiye. Gemu ba ya hana neman ilimi, amma yana sa a ji nauyi in yaran gareji suna leƙe. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, duk lambar da ta fito sai ya fassara min in rubuta da ajami, don shi hannuna ya fi saurin yi. Ashe abin ma yana da tsari. Lambar da ta fara da P ta inji da giya ce, C ta ƙafafu da burki, B ta jikin mota, U kuma in kwamfutocin motar sun daina jin maganar juna. P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba. P0301 silinda ta ɗaya, P0303 ta uku. Wato abin da ya raba ni da Alhaji harafi ɗaya ne da lamba huɗu. Yanzu in na ga irinta sai in musanya koyil ɗin da ta maƙwabciyarta, in goge lambar, mu zaga da motar. In lambar ta bi koyil ɗin ta koma P0302, magana ta ƙare. In ta tsaya inda take, sai in duba filogi da nozul da matsin silinda. Ba a sayi komai ba tukuna.

Amma ba lambobin ne suka sa na ce kuɗina sun fita ba. Akwai wani shafi da ke nuna abin da inji ke yi a daidai lokacin da yake aiki: zafin ruwa, yawan iskar da ke shiga, gudun inji, da yadda birenbos ke ƙara mai ko ragewa. Wannan shafi shi ne na'urar, sauran duk rakiya ce.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta haye dubu, kukan da ake kawo min ya canja. Da ana cewa mota ba ta gudu. Yanzu ana cewa tana sha. Wata malamar makaranta ta kawo Corolla ɗinta, ta ce, "Malam, albashina a tanki yake ƙarewa, kuma an canja min famfo, an wanke nozul sau biyu." Na jona. P0171 ta fito, wato iska ta yi wa mai yawa. Inji yana son kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur in an auna da nauyi, in iska ta zarce sai birenbos ya riƙa ƙaro mai don ya cike. Na buɗe shafin nan. Motar na tsaye tana aiki, ƙarin man ya haura kashi 20 cikin ɗari. Na ce wa yaron ya taka totur ya riƙe. Yana takawa lambar ta sauko kusa da sifili. Ya saki, ta sake hawa. Da famfo ne ya gaza, ai in an taka abin zai ƙaru, ba raguwa ba. Wannan iska ce ke satar hanya. Na bi robar da ta taso daga gidan filta zuwa totur da yatsa, a hankali, ina lanƙwasa ta. A ƙasa, cikin wani ninki da ido ba ya kaiwa, ga tsaga kamar tsawon farce, zafi da tsufa sun busar da robar. Na toshe da babban yatsa ina kallon allo, lambar ta fara gangarowa a idona. Na kira malamar na ce ta zo ta gani da kanta, na saki, na toshe, na saki. Ta yi salati. Muka samo wata robar a Panteka, na goge sensar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, shi ke nan. Malamai huɗu na makarantarsu yanzu a wurina suke gyara.

Wannan shafi ne kuma ya tona min asirin kaina. Mu makanikan ƙasar nan muna da wata al'ada: mota na shigowa daga waje sai mu cire mata tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, mu haɗa fanka kai tsaye, mu ce ai wannan na ƙasar sanyi ne. Na cire wa motoci da ban san adadinsu ba, da zuciya ɗaya, ina ganin taimako nake yi. Sai na ga a allo cewa waɗannan injina an yi su ne su yi aiki a zafin da ke wajen digiri 90. In babu tamostat, ga fanka na bugawa tun daga tayarwa, inji yakan daɗe bai kai nan ba, musamman da safe ko a kan doguwar hanya lokacin sanyi. Shi kuwa birenbos muddin yana ganin inji da sauran sanyi, zai ci gaba da zuba mai fiye da ƙima. Har lamba gare shi, P0128. Wato ni da hannuna na ƙara wa mutane shan mai. Yanzu mayarwa nake yi, kuma abin dariya, sai na yi ta lallashin masu motar, don suna cewa bakaniken da ya cire musu ya ce yana sa mota zafi. Wani lokaci bakaniken nan ni ne.

To amma kada wani ya ɗauka boka ya sayo. Na'urar tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Wata Honda ta zo da P0135, abin da ya shafi hitar sensar hayaƙi. Ɗan ƙanwata har ya hau babur zai tafi sayo sabuwar sensa, yana cewa, "Kawu, ai kwamfuta ta faɗa." Na ce ya sauko. Kwamfuta cewa ta yi layin na da matsala, ba ta ce sensar ta mutu ba. Na shiga ƙarƙashin motar da tocila, hancina ya riga idona: warin fitsarin ɓera. Ya gwaguye wayar saura zare biyu. Mai motar a kusa da rumbun hatsi yake ajiye ta. Ɗan guntun waya da dalma suka gama aikin. Da na bar yaron ya tafi, da an sa sabuwar sensa, fitila ta sake kamawa, a ce kayan ne jabu. Wannan ita ce cutar yaran da suka fara da allo ba su fara da sifana ba, duk sunan da ya fito sai a canja shi, har aljihun mai mota ya ƙare. Akwai kuma waɗanda suka fi su sharri, masu jonawa su danna gogewa, fitila ta mutu, su karɓi kuɗin "kwamfuta". Kwana biyu ta dawo. Gogewa ba gyara ba ce, kuma duk wanda ya goge maka lamba bai nuna maka ita ba, bai rubuta maka ita ba, ka bar wurinsa.

Abubuwan da ke ba ni haushi da ita suna da dama. Babba shi ne kuɗin sabunta manhajarta. Mai shagon ya faɗa min tun farko cewa bayan wa'adin kyauta sai an riƙa biya duk shekara, amma da dala ake lissafin, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun 2023. In ba ka biya ba ba ta mutuwa, sai dai sababbin motoci su zo ta kasa gane su. Sabuntawar kanta tana cin data kamar gara. Allon ba ya ganuwa a rana, sai na lulluɓa tsumma a kai kamar mai ɗaukar hoton da. In na manta ta a kan dashbod da azahar sai ta yi zafi ta kashe kanta. Igiyar ta fara karyewa daga wuya cikin wata takwas, don yara da ita suke ja in za su cire. Kuma babu Hausa a cikin harsunanta. Akwai Faransanci da Larabci, abokin aikina da ya zo daga Maraɗi ya fi ni jin daɗinta.

Wani abin kuma ba laifinta ba ne, laifinmu ne. An yi ta ne don motar da ke yadda kamfani ya ƙera ta. Mu kuwa motocinmu an sauya inji, an ɗauko birenbos na wata, rewaya ya yanke nan ya ɗaure can. Irin waɗannan wani lokaci ko gaisuwa ba ta amsawa, wani lokaci ta zubo lambobi 15 da ba ka san na yau da na shekara biyar ba. Ga motocin da aka fasa salansa aka kwashe abin tace hayaƙin da muke kira indomi aka sayar, su kullum P0420 na nan, ba abin da za ka yi sai ka faɗa wa mai motar gaskiya. Sannan duk abin da ba shi da waya ba ta ganinsa. Bolojoyin, shokazoba, boris ɗin ƙafa, kulocin da ya cinye, wannan har gobe sai kunne da jijjiga taya.

Wata ƙofar abinci da ta buɗe min, wadda ban zata ba, ita ce rakiyar masu sayen mota. Wasu dillalai sukan goge lambobi da safe kafin mai saye ya zo, wasu ma su cire ƙwan fitilar gaba ɗaya. Na biyun ko ba na'ura za ka kama shi: murɗa makulli kada ka tayar, in fitilar cek inji ba ta kama tare da sauran ba, an taɓa ta. Na farkon kuwa sai da ita. Bayan an goge, motar tana buƙatar ta yi tafiya kafin ta kammala gwaje-gwajen kanta, kuma akwai shafin da ke nuna waɗanda ba ta gama ba. In na ga duk a buɗe, sai in kalli dillalin in ce, "Yau da safe batir ya mutu ne?" Daga yadda ya amsa nake sanin sauran.

In kai bakanike ne mai shekaru a hannu, ka saya, ko ku haɗa kuɗi ku uku a gareji ɗaya. Amma ka haɗa da mitar gwada waya, don rabin abin da za ta nuna maka aikin da da muke tura wa rewaya ne, kuma iyakar da ke tsakaninmu da su ta kusa shafewa. Ka nemi wadda ke shiga giya da ABS da jakar iska, ka tambayi kuɗin sabuntawa kafin ka biya, ka sa a gwada ta a kan irin motocin da suka fi zuwa wurinka. In kai sabon shiga ne, ka fara sanin yadda inji ke numfashi tukuna.

Inda har yanzu na tsaya cak shi ne motocin haibirid, masu aiki da mai da batir, waɗanda tsadar mai ta sa suka fara yawa. An kawo min Prius da P0A80, batun babban batir. Na'urar ta nuna min ƙarfin kowane rukuni na batirin dalla-dalla, har na ga wanda ya yi ƙasa. Amma wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta fiye da bolt 200, ni kuma ba ni da safar hannun aikin, ban kuma koya ba. Na ce wa mai ita ya kai wurin wanda ya iya. Na yi wa ɗan ƙanwata alkawarin in damina ta wuce zan biya masa kuɗin koyon wannan da na juya mota zuwa gas, ya dawo ya koya min.

Alhaji bai dawo ba har yau, sai dai ɗansa yana kawo tasa. Ran Talatar da ta wuce kuma wani dattijo daga Zariya ya turo wata 504 fara, ta gado, tana tari tana fitar da baƙin hayaƙi. Kafin in idar da sallar azahar yaron nan ya ɗauko na'ura, ya durƙusa a ƙofar direba da tocilar waya, yana laluben ramin jonawa. Na zauna a benci na bar shi ya nema. Ya duba ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe aljihun dashbod, ya ɗaga kafet. Da ya ɗago yana zufa ya ce, "Kawu, wannan an cire mata ne?" sai na miƙa masa doguwar sukundireba na ce ya buɗe bonet.